Sin A Gabas Ta Tsakiya: Ciniki Da Kowa, Gadi Kuwa Na Amurka Ne

Duk alhajin da ya taɓa samun shiga jirgin ƙasan Masha'ir ya san yadda tashar Mina take da safiyar ranar Arfa. Dubban mutane ne cikin harami, askarawa sun tare hanya suna sakin jama'a rukuni-rukuni, ƙofofin gilashi su buɗe, kafin ka ƙifta ido taragai goma sha biyu sun cika maƙil. Tafiyar da a motar safa kan cinye wa mutum sa'o'i cikin rana da cunkoso, a jirgin nan mintuna ce kawai. Tsawon layin kilomita 18 ne, tashoshinsa tara: uku a Mina, uku a Muzdalifa, uku a Arfa. An buɗe shi a aikin Hajjin 2010, kuma kwanakin Hajji kaɗai yake aiki a shekara.

Abin da ba kowane alhaji ya sani ba shi ne, kamfanin da ya shimfiɗa layin, CRCC, mallakar gwamnatin ƙasar Sin ne, gwamnatin 'yan gurguzu wadda a hukumance ba ta yarda da addini ba. Bai ma ci riba a aikin ba. Da bakinsa ya sanar da asarar sama da yuwan biliyan 4, saboda sauye-sauyen tsari da gaggawar kammalawa. Duk da haka bai tattara ya bar Saudiyya ba, gwamnatinsa ma ba ta yi tsaki ba. A lissafin Beijing, asarar kuɗin shiga kasuwa ce.

Shekaru ashirin da 'yan watanni kafin buɗe layin, ko ofishin jakadanci babu tsakanin Riyadh da Beijing. Yau Sin ce babbar abokiyar cinikin Saudiyya, ita ce ta Iran, ita ce ta ƙasashen Larabawa in an haɗa su wuri guda. Cinikin da ke tsakaninta da Larabawa bai kai dala biliyan 40 ba a 2004. Bayan shekaru ashirin ya kai wajen biliyan 400. Yankin da ya gajiyar da Turkawa, ya gajiyar da Ingila da Faransa, ya sa Amurka ta zubar da jini da dukiya, Sin ta shige shi da jakar kuɗi ba tare da ta harba harsashi ko ɗaya ba. Sirrin abin bai wuce ɗaya ba: tana saye a wurin kowa, tana yi wa kowa gini, amma ba ta ɗaukar wa kowa alkawarin kariya.

Daga jiragen Zheng He zuwa makamai masu linzami

Jami'an Sin ba sa gajiya da tuna wa Larabawa cewa zumuncin tsoho ne. Tsakanin 1405 da 1433, sarakunan daular Ming sun tura ayarin jiragen ruwa har sau bakwai ƙarƙashin Zheng He, wanda ɗan gidan Musulmi ne. Ayarin ya kai Hormuz da Aden, a tafiyar ƙarshe kuma wasu daga cikin mutanensa suka isa Makka. Daga nan Sin ta rufe ƙofarta, aka shafe ƙarnuka ba a ji ɗuriyarta a yankin ba.

Dawowar ta soma ne a taron Bandung na 1955, inda Firaministan Sin Zhou Enlai ya haɗu da jagoran Masar Jamal Abdul Nasir. A 1956 Masar ta zama ƙasar Larabawa ta farko, kuma ta farko a Afirka, da ta amince da gwamnatin Beijing. Sin ta zamanin Mao ba ta da abin sayarwa sai aƙida. Ta tallafa wa ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu, ta kuma ba 'yan tawayen Dhofar makamai don su kifar da Sarkin Oman. Ba mamaki sarakunan yankin Gulf suka riƙa kallonta da wutsiyar ido.

Zuwan Deng Xiaoping a 1978 ya sauya lissafi: aƙida ta koma gefe, kuɗi suka shigo gaba. A yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, Sin ta sayar wa ɓangarorin biyu makamai. A tsakiyar yaƙin ne Saudiyya, bayan ta nemi wasu makamai a Amurka an hana ta saboda matsin lambar magoya bayan Isra'ila, ta aika jakadanta a Washington, Yarima Bandar bin Sultan, ya lallaɓa Beijing a asirce. Aka ƙulla cinikin makamai masu linzami masu cin dogon zango samfurin DF-3, aka shigo da su cikin hamada ba tare da Amurka ta farga ba sai a 1988. A lokacin Saudiyya Taiwan ta sani a matsayin gwamnatin Sin. A watan Yulin 1990 ta sauya sheƙa. A Janairun 1992 kuma Sin ta ƙulla hulɗar jakadanci da Isra'ila. Tun daga nan tsarin ya fito fili: in Amurka ta hana ka, je ka Beijing, ita kuwa Beijing ba ta tambayar waye abokin gabanka.

Ƙishirwar mai

Shekarar 1993 ce ta mayar da wannan hulɗa dole. A shekarar ne man da Sin ke sha ya zarce wanda take haƙowa. Masana'antu suka yi ta bunƙasa, birane suka yi ta tsirowa, a 2017 ta sha gaban Amurka ta zama ƙasar da ta fi kowa sayen ɗanyen mai a duniya. A 2024 tana shigo da ganga wajen miliyan 11 a kullum, kuma kusan rabi daga Gabas ta Tsakiya yake fitowa: Saudiyya, Iraƙi, Iran, Hadaddiyar Daular Larabawa, Oman da Kuwait. A daidai wannan lokacin ita Amurka ta samu fasahar tatso mai daga cikin duwatsu a Texas da Dakota, buƙatarta ga man Larabawa ta ragu ƙwarai. Masu mai suka duba suka ga babban kwastomansu ya koma gabas.

Wannan mai yana bi ta wasu ƙananan mashigai guda biyu da ke hana shugabannin Sin barci. Na farko Hormuz, tsakanin Iran da Oman, wadda faɗinta bai wuce kilomita 33 ba a inda ta fi matsewa, amma a 2024 ganga wajen miliyan 20 ke ratsa ta a kullum, kwatankwacin kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha. Na biyu Malacca, tsakanin Maleshiya da Indonesiya. Tun 2003 Shugaba Hu Jintao ya nuna damuwa cewa ranar da aka samu saɓani da wata babbar ƙasa mai ƙarfin sojan ruwa, za a iya shaƙe Sin a wannan wuri. Bututun da aka ja daga Rasha da Kazakhstan da Myanmar, da ma shirin nan na Ziri Ɗaya da Hanya Ɗaya da Xi Jinping ya ƙaddamar a 2013, duk suna da nasaba da wannan fargaba.

Don kada cinikin ya tsaya a saye da sayarwa, ɓangarorin biyu suka shiga saka hannu a aljihun juna. A Yanbu, bakin Bahar Maliya, Aramco na Saudiyya da Sinopec na Sin sun gina matatar Yasref mai tace ganga 400,000 a kullum, wadda Sarki Salman da Xi suka buɗe tare a Janairun 2016. A 2023 Aramco ya sayi kashi 10 cikin ɗari na kamfanin Rongsheng na Sin a kan sama da dala biliyan 3, da sharaɗin zai riƙa sayar masa da ɗanyen mai na dogon lokaci. A Nuwamban 2022 Katar ta sa hannu da Sinopec kan sayar da iskar gas tan miliyan 4 a shekara har tsawon shekaru 27, ta maimaita irin wannan da CNPC, wani kamfanin man Sin, a shekarar da ta biyo baya. A lokacin Turawa, masu tunanin rabuwa da gas nan gaba, suna ja da baya a kan irin wannan doguwar yarjejeniya. Sinawa suka sa hannu.

Iraƙi ce ta fi ba da mamaki. Amurka ta mamaye ƙasar a 2003, ta yi asarar sojoji sama da 4,000 da dukiyar da ba ta lissafuwa. Amma babbar kwangilar mai ta farko da sabuwar gwamnatin Bagadaza ta ba wani kamfanin waje, a 2008, ta rijiyoyin Ahdab ce, kuma CNPC aka ba. A 2009 ya shiga Rumaila tare da BP. A farkon 2024 PetroChina ya karɓi jagorancin rijiyoyin West Qurna 1 daga hannun ExxonMobil. Kamfanonin Yamma suna ƙorafin ribar ta yi kaɗan, haɗarin ya yi yawa. Kamfanonin Sin kuwa ba riba kaɗai suke nema ba, mai suke nema.

Yadda man Iran ke zama na Maleshiya

Hulɗar Sin da Iran ba a gane ta a teburin taro sai a teku. Tun da Donald Trump ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar nukiliya a 2018 ya maido da takunkumi, Indiya da Japan da Koriya ta Kudu da Turai suka daina sayen man Iran. Sin ce ta rage, kuma wajen kashi 90 cikin ɗari na man da Iran ta fitar a 'yan shekarun nan can yake ƙarewa.

Ga yadda abin ke tafiya. Tsohon jirgin dakon mai, mai ɗauke da tutar wata ƙaramar ƙasa, wanda ba a san takamaiman mai shi ba, zai yi lodi a tsibirin Kharg. Zai kashe na'urar da ke nuna inda yake, ko ya sa ta riƙa nuna wani wuri dabam. Bayan makonni sai ya ɓulla a ruwan da ke gabas da Maleshiya, ya jingina da wani jirgin, a jona bututu a juye man a tsakiyar teku. Jirgi na biyu ya kama hanya da sababbin takardu masu cewa kayan na Maleshiya ne. Ba manyan kamfanonin gwamnati ke saye ba, don suna da hulɗa da bankunan Amurka, suna tsoron takunkumi. Masu saye ƙananan matatu ne masu zaman kansu, akasarinsu a lardin Shandong, waɗanda ke biya da yuwan ta ƙananan bankuna. Sakamakon haka, littafin kwastan na Sin yana nuna ta sayi ganga sama da miliyan ɗaya a kullum daga Maleshiya, ƙasar da duk abin da take haƙowa bai kai haka ba.

Wannan ciniki ne ya hana tattalin arzikin Iran durƙushewa, amma ba kyauta ba ne. Mai kaya da kwastomansa ɗaya ne tal ba shi da bakin yin tayi. Sinawa suna saye da rangwame, kuɗin kuma sau da yawa sai dai a karɓe su a kayan Sin. A Maris na 2021, ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu, Wang Yi da Javad Zarif, sun sa hannu a Tehran kan shirin haɗin gwiwa na shekaru 25, jaridu suka yi ta yayata dala biliyan 400, adadin da babu gwamnatin da ta tabbatar, kuma jarin da ya shiga ƙasar bai ko kama ƙafarsa ba. Iraniyawa ba su manta ba cewa Sin ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya a kansu tsakanin 2006 da 2010, kuma CNPC ya janye daga aikin gas na South Pars a 2019 da matsin Amurka ya yi tsanani. A Disamban 2022, da Xi ya sa hannu a wata sanarwa tare da ƙasashen Gulf wadda ta taɓo tsibiran nan uku da Iran ke riƙe da su, Hadaddiyar Daular Larabawa kuma ke cewa nata ne, wato Abu Musa da Tunb babba da ƙarami, sai da Tehran ta kira jakadan Sin ta nuna masa ɓacin ranta. Beijing ba ta janye ba. Cinikinta da Saudiyya ya haura dala biliyan 100 a shekara, na Iran da ke rubuce bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba.

Siminti, hasken rana da Huawei

Mai ne tushe, amma abin da ido ke gani gine-gine ne. Filin wasa na Lusail, inda Ajantina da Faransa suka buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya a 2022, CRCC ne ya gina shi tare da wani kamfanin Katar. A sabon babban birnin Masar da ke gabas da Alƙahira, kamfanin CSCEC ya tsayar da bene mai tsayin sama da mita 380, wanda da aka gina shi ya zama mafi tsawo a Afirka. A Ain Sokhna, kusa da bakin mashigar Suez, akwai unguwar masana'antun Sinawa. Kamfanin Cosco na Sin yana tafiyar da wani sashe na tashar Khalifa a Abu Dhabi, wani kamfanin Shanghai kuma ya buɗe sabuwar tasha a Haifa ta Isra'ila a 2021, duk da ƙorafin Amurka cewa jiragen yaƙinta na tsayawa a kusa. Manyan gonakin lantarki na hasken rana da ake shimfiɗawa a hamadar Larabawa, yawancin farantansu ƙirar Sin ne. Kasuwar Dragon Mart ta Dubai, wadda aka buɗe a 2004, ta zama zangon kayan Sin ga 'yan kasuwar Afirka, har da namu na Kano, kafin da yawansu su koyi hanyar Guangzhou da Yiwu kai tsaye.

Sarakunan Gulf suna neman abin da zai riƙe ƙasashensu bayan mai, kamar shirin Saudiyya na 2030, kuma suna son a yi aiki da sauri, da araha, ba tare da wa'azi ba. Sin ta iya wannan. Da Amurka ta ƙi sayar musu da jirage marasa matuƙi masu kai hari, Saudiyya da Hadaddiyar Daular Larabawa da Iraƙi da Masar suka sayo Wing Loong da CH-4. Da Amurka ke yawo tana gargaɗin ƙawayenta kan Huawei, ƙasashen Gulf suka ba shi kwangilar 5G.

Sai dai a nan ne igiya ta soma tsinkewa. A Disamban 2021 Hadaddiyar Daular Larabawa ta dakatar da maganar sayen jiragen yaƙi samfurin F-35 saboda sharuɗɗan da Amurka ta gindaya, waɗanda ke da alaƙa da fasahar Sin a ƙasar. Kamar Sin ta yi nasara ke nan. Amma ba a jima ba lissafi ya juya. Babban kamfanin fasaha na Abu Dhabi, G42, yana son manyan na'urorin kwamfuta na zamani da Amurka ke da iko a kansu. Aka ce masa ya zaɓa. Ya sayar da hannayen jarinsa a kamfanonin Sin, ya rabu da kayan Huawei, a Afrilun 2024 Microsoft ya zuba masa dala biliyan ɗaya da rabi. A siminti da ƙarfe ana iya raba ƙafa. A fasaha mai zurfi Washington ba ta yarda.

Sulhun Beijing da iyakarsa

Ranar 10 ga Maris na 2023 aka wayi gari da hoton da ya girgiza Washington: Wang Yi a tsakiya, Musa'id al-Aiban na Saudiyya a gefe, Ali Shamkhani na Iran a ɗaya gefen, sun amince su maido da hulɗar da ta yanke tun Janairun 2016, lokacin da Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan malamin Shi'a Nimr al-Nimr, masu zanga-zanga kuma suka afka wa ofishin jakadancinta a Tehran.

Gaskiyar magana, ba Sin ce ta dafa abincin ba. Iraƙi da Oman sun shafe shekaru biyu suna haɗa ɓangarorin a Bagadaza da Maskat. Kuma dukansu sun gaji. Saudiyya tana neman mafita daga yaƙin Yaman. Ba ta kuma manta da 14 ga Satumban 2019 ba, ranar da aka kai hari a wuraren manta na Abqaiq da Khurais, rabin man da take haƙowa ya tsaya cak, Amurka ta ɗora wa Iran laifi amma ba ta rama mata ba. Iran kuwa takunkumi da zanga-zangar cikin gida sun matse ta. Abin da ya rage shi ne shaidan da kowa zai ji kunyar saɓa masa, kuma ba wanda ya kai babban mai sayen man ɓangarorin biyu. Amurka ba za ta iya wannan ba, don ba ta da hulɗar jakadanci da Tehran tun 1980. A nan ƙin zaɓar ɓangare ya yi wa Sin rana.

Watanni bakwai bayan haka yaƙin Gaza ya ɓarke, aka ga iyakar abin. Sin ta ƙi ambaton Hamas a jawabanta na Allah wadai, ta soki yadda Isra'ila ke luguden wuta, ta hau kujerar naƙi tare da Rasha a kan wasu ƙudurorin Amurka. A Yulin 2024 ta tara ƙungiyoyin Falasɗinawa 14 a Beijing, har da Hamas da Fatah, suka sa hannu kan takardar haɗin kai da ba a ga aikinta ba. Wannan ya ƙara mata farin jini a titunan ƙasashen Musulmi, ya ɓata tsakaninta da Isra'ila. Amma maganar tsagaita wuta da musayar fursunoni, a Doha da Alƙahira aka yi ta, da Amurka a kan tebur.

Da 'yan Houthi suka fara harbin jiragen ruwa a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, kayan Sin masu zuwa Turai suna cikin waɗanda suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka, kuɗin shigar Masar daga Suez ya faɗi da fiye da rabi. Sin tana da sansanin soja a Jibuti tun 2017, jiragen yaƙinta suna sintiri a tekun Aden tun 2008, amma ta ƙi shiga rundunar da Amurka ta haɗa. Wasu jiragen kasuwa suka koma rubutawa a na'urarsu cewa duk ma'aikatan cikinsu Sinawa ne, don a ƙyale su. A yaƙin kwanaki goma sha biyu na Yunin 2025, da Isra'ila ta afka wa Iran, Amurka kuma ta jefa bama-bamai a cibiyoyin nukiliyarta na Fordow da Natanz da Isfahan, Beijing ta yi tir, ta nemi a kai zuciya nesa, ta kwashe 'yan ƙasarta. Iran mamba ce a BRICS da ƙungiyar Shanghai, amma ita kaɗai ta sha wuyarta. Bashar al-Assad na Siriya ma an karrama shi a Hangzhou a Satumban 2023. Da ya faɗi a Disamban 2024, Sin ba ta ɗaga ɗan yatsa ba.

Kura da shan bugu

Tun haɗuwar Shugaba Roosevelt da Sarki Abdul'aziz a cikin jirgin yaƙi a 1945, da furucin Jimmy Carter na 1980 cewa Amurka za ta yi amfani da ƙarfin soja don kare tekun Fasha, gadin yankin a wuyan Washington yake. Rundunar ruwanta ta biyar tana Bahrain, babban sansanin jiragen samanta yana Al Udeid a Katar, sojojinta dubbai ne daga Kuwait zuwa Jodan. Sama da rabin makaman da yankin ke saye daga waje na Amurka ne, na Sin kuwa ɗan kaɗan ne. Abin nufi, jiragen da ke kai wa Sin mai suna ratsa ruwan da babbar abokiyar hamayyarta ke gadi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Barack Obama ya taɓa kokawa da haka a 2014, yana cewa Sin ta shafe shekaru talatin tana cin moriyar tsaron da wasu ke biya.

Masana a Beijing ba su ɗauki wannan abin kunya ba. A ganinsu, duk babbar ƙasar da ta tsoma ƙafa a rigingimun yankin ta fito da rauni, kuma kowane jirgin yaƙin Amurka da ya maƙale a tekun Fasha, ragi ne a kan waɗanda za su zo kusa da Taiwan. Abin da ya fi damun Sin yana maƙwabtaka da ita, ba a Hormuz ba.

Shiru a kan Xinjiang

Akwai wani ciniki da ba a rubuta shi a takardar kwangila. A Fabrairun 2019, watanni huɗu bayan kisan ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi, lokacin da shugabannin Yamma ke gudun a ɗauke su hoto da Yarima Muhammad bin Salman, Beijing ta tarbe shi hannu bibbiyu. Shi kuma kafafen yaɗa labaran Sin suka ruwaito shi yana cewa ƙasar na da 'yancin ɗaukar matakan yaƙi da ta'addanci. A lokacin rahotanni sun cika duniya cewa an tsare Musulmi 'yan ƙabilar Uyghur da wasu ƙabilu, waɗanda ake ƙiyasta sun kai miliyan ɗaya, a sansanoni a Xinjiang. Sin ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne. A Maris na shekarar, taron ministocin ƙungiyar OIC a Abu Dhabi ya yaba wa Sin kan yadda take kula da Musulminta. A Yuli ƙasashe 37, ciki har da Saudiyya da Masar da Hadaddiyar Daular Larabawa da Najeriya, suka rubuta wa Majalisar Ɗinkin Duniya wasiƙar goyon bayanta. A Agustan 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya ce abin da aka yi zai iya zama laifin cin zarafin bil'adama, amma da aka nemi a yi muhawara a kai a watan Oktoba, aka kayar da buƙatar da ƙuri'a 19 da 17, Katar da Hadaddiyar Daular Larabawa suna cikin masu cewa a'a. Kowa ya yi shiru a kan gidan ɗan'uwansa. Gwamnatoci sun ci riba. 'Yan Uyghur ne suka biya.

Raba ƙafa har yaushe?

A Disamban 2022 an tarbi Xi a Riyadh da rakiyar jiragen yaƙi da jan hankalin duniya, watanni biyar bayan tarbar sanyi-sanyi da aka yi wa Joe Biden a Jidda. A can ya nemi a riƙa cinikin mai da gas da yuwan. A 2023 manyan bankunan ƙasashen biyu suka ƙulla musayar kuɗi ta yuwan biliyan 50. Amma riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, dukiyar sarakunan Gulf kuma mafi yawanta a kadarorin dala take. An gayyaci Saudiyya BRICS tare da Masar da Iran da Hadaddiyar Daular Larabawa. Sauran suka shiga a 2024, ita ta yi ta jan ƙafa. A Mayun 2025 ta tarbi Trump da alkawarin jarin dala biliyan 600 da cinikin makamai na biliyan 142. Riyadh ba ta neman sabon ubangida. Tana amfani da Beijing ne don ta ɗaga farashinta a Washington.

A nan akwai bambanci da abin da muka saba gani a Afirka. Najeriya da Nijar ma suna hulɗa da waɗannan kamfanoni, daga layin dogon Abuja zuwa Kaduna har bututun man Agadem, amma galibi a matsayin masu neman rance ko jari. Ƙasashen Gulf da kuɗinsu suke zuwa teburin, shi ya sa suke iya cewa a gina masana'anta a ƙasarsu, a koyar da yaransu, ko su juya ga wani.

Abubuwa biyu ne za su gwada wannan tsari. Na farko, Sin da kanta tana rage dogaro da mai: kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a ƙasar a 2024 masu amfani da lantarki ne gaba ɗaya ko rabi da rabi, kuma tun 2023 Rasha ta sha gaban Saudiyya wajen sayar mata da ɗanyen mai. Kwastoman da ƙishirwarsa ke raguwa, ikonsa a kan mai kaya ƙaruwa yake yi. Na biyu, yawan dukiya da mutanen da ta zuba a yankin. A 2011 sai da ta kwashe 'yan ƙasarta sama da 35,000 daga Libiya, ta bar kwangilolin biliyoyin dala. Abin da take da shi yau a tekun Fasha ya ninka wancan sau da yawa.

Har zuwa yaƙin 2025, duk lokacin da aka zo zaɓi tsakanin kare aboki da kare kasuwa, Sin kasuwa ta zaɓa, kuma ba ta yi asara ba, domin akwai wanda ke ɗauke da nauyin gadin. Shugabannin yankin sun fahimci haka sarai: a Beijing ake sayar da mai, a Washington ake neman garkuwa. Muddin Amurka na nan, Sin za ta ci gaba da zama abokiyar kowa. In kuwa Amurka ta gaji ta janye, ko ta mayar da gadin nan makamin matsa wa Sin, dole Beijing ta zaɓi ɗaya: ta tura jiragen yaƙinta ta gaji rigingimun da ta shafe shekaru talatin tana kauce musu, ko ta bar man da masana'antunta ke rayuwa a kansa a hannun ƙaddara. Babu alamar tana marmarin ko ɗaya daga ciki.